Filin Tambaya da Amsa: Daga Littafin Mai Kanti Zuwa Kwanon Yaro

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan hanya ɗaya: yadda mutum zai mayar da binciken tarihin kasuwanci, cinikin kanti da talaucin yara ya zama aikinsa na jami'a. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su. Yawancin misalanmu daga Birtaniya suke, domin can ne wannan haɗi ya fi daɗewa, kuma can ne takardun wasu manyan kamfanonin da suka yi ciniki a Arewa suke ajiye har yau.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri na farko a tarihi. Na ga akwai malaman jami'a a Ingila da suke haɗa tarihin kamfanoni, cinikin kanti da talaucin yara a bincike guda. Don Allah me ya haɗa kifi da kaska? (Wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Farashi ne ya haɗa su. Yaro ba albashin ubansa yake ci ba, abin da albashin ya iya saya a kanti shi yake ci. Tsakanin aljihun uba da kwanon yaro akwai mai kanti a tsaye, da ma'auninsa da littafin bashinsa.

A 1899 Seebohm Rowntree, ɗan gidan masu kamfanin cakulan a birnin York, ya sa aka bi gida-gida: iyalai 11,560, mutum 46,754. Bai tsaya ga tambayar abin da suke samu ba. Ya ɗauki lissafin masana abinci na mafi ƙarancin abin da jiki ke buƙata don ya iya aiki, ya sa masa farashin kantuna mafi araha a garin, ya ɗora haya da tufafi da makamashi. Lissafin ya tsaya a kan sule 21 da kwabo 8 a mako ga miji da mata da 'ya'ya uku. Kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen birnin ba sa samun abin da ya kai layin da ya ja wa girman gidansu, ko da ba su ɓatar da ko anini ba. Da ya haɗa da waɗanda samunsu ya kai amma duk da haka suna cikin rashi, adadin ya doshi kashi 28. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne, fiye da rabin na rukunin farko maigidan yana da aiki tsayayye, ladan ne kawai bai isa ba. Ya kuma nuna cewa lebura yakan faɗa talauci sau uku: yana yaro, sannan lokacin da nasa 'ya'yan suke ƙanana, sannan da tsufa. Biyu daga cikin ukun nan talaucin yara ne.

To amma farashin da Rowntree ya yi aiki da shi na mai kuɗi a hannu ne, kuma a nan mai tarihin kanti yake shigowa. Talaka ba ya sayen buhu. Ƙulli yake saya, na kwabo, na ɗari, kuma sau da yawa bashi ne zuwa ranar biya. Ƙungiyar haɗin kai ta Rochdale, wadda mutum 28 suka buɗe a Disamba 1844 da man shanu, sukari, fulawa, garin hatsi da kyandir, ta kawo kaya marasa algus da rabon riba gwargwadon sayayya, sai dai ƙa'idarta ita ce kuɗi hannu. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne wannan ƙa'ida ta bari a waje, sai ya koma wa mai kantin lungu da ke ɗaga masa ƙafa amma ya fi tsada. Kamfanin Provident da aka kafa a Bradford a 1880 a da yakan ba uwa takardar fam ɗaya, wato sule 20, ta je kanti ta ɗauki takalmi da rigar yara, ta biya sule 21 cikin mako 20. Sule ɗaya a kan fam kamar ba komai ba ne, amma tunda bashin raguwa yake kowane mako, ruwan ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Shi kuwa Woolworths, da ya buɗe kantinsa na farko na Birtaniya a Liverpool a 1909 da farashin taro da sisi, ya sauke kuɗin ƙananan kayan gida ta hanyar saye da yawa kai tsaye daga masana'anta.

Saboda haka tambayar fannin ita ce: a wane kanti uwar gidan talaka take saye, da wane ma'auni, hannu ko bashi, kuma me ya rage wa yaro? Wanda ya iya karanta littafin kamfani kaɗai ba zai amsa ba, haka ma wanda ya iya ƙidayar gidaje kaɗai.

Tambaya: Malamai, ina koyarwa a kwalejin ilimi, ina da digiri na biyu a tattalin arziki. Ina so in yi digiri na uku a wannan fanni a Birtaniya. Ta ina zan fara? (Wani malami, Katsina)

Amsa: Malam, fara da takardun da za ka karanta, ba da sunan jami'a ba. Yawancin masu nema a nan suke faɗuwa. Sai mutum ya rubuta cewa zai binciki "tasirin kasuwanci a kan talauci a Nijeriya", ba gari, ba shekaru, ba takardu. Wannan ba ya wucewa. Abin da yake wucewa shi ne irin wannan: gari ɗaya, shekara 20 zuwa 30, kaya biyu ko uku kamar gishiri, sabulu da atamfa, da sunan ma'ajiyar da takardun suke, har da lambar jerinsu.

Tsarin binciken yakan kasance kalma 1,500 zuwa 2,000, gwargwadon jami'a. Ka sa masa tambaya ɗaya da za a iya amsawa, abin da magabata suka ce da inda suka tsaya, takardun da ka tabbatar suna nan, yadda za ka auna, da jadawalin shekara uku. Sannan ka nemi mai duba aiki kafin ka cike fom. Ka karanta maƙalarsa biyu ko uku, ka aika masa gajeruwar wasiƙa da shafi ɗaya na tsarinka. Wasiƙar da aka aika wa mutum 30 iri ɗaya ana gane ta tun layin farko.

Fannin ba shi da gida ɗaya. Wani lokaci yana cikin makarantar koyon kasuwanci, kamar Henley a Jami'ar Reading. Glasgow na da cibiyar tarihin kasuwanci, LSE, makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, na da sashen tarihin tattalin arziki, Wolverhampton kuma ta yi suna da cibiyar tarihin cinikin kanti. Za a nemi sakamakon IELTS, jarrabawar ƙwarewa a Turanci, galibi 6.5 ko 7.0. Neman tallafi, irin na Commonwealth ko na jami'ar kanta, yakan rufe wata tara zuwa shekara guda kafin fara karatu, don haka wanda ke son farawa a Oktoba ya kamata ya gama shiri tun kakar shekarar da ta gabace shi.

Karatun shekara uku ne zuwa huɗu. Wajen ƙarshen shekarar farko za a zaunar da kai a duba babi ɗaya da tsarin sauran kafin a tabbatar da kai. Kundin kalma 80,000 ne zuwa 100,000, za ka kare shi gaban masu jarrabawa biyu, ɗaya na gida ɗaya na waje. Tunda daga tattalin arziki ka fito, lissafi ba zai ba ka wahala ba. Abin da za ka koya shi ne zargin takarda: wa ya rubuta ta, don wa, kuma me yake son ɓoyewa.

Tambaya: Ina binciken kantunan Turawa da 'yan kasuwar Kano kafin mulkin kai. Ina takardun suke, kuma yaya ake karanta tsohon littafin lissafi? Akwai kuma wani gida da suka nuna min akwatin takardun kakansu. (Ɗalibin digiri na biyu, Kano)

Amsa: Ɗan uwa, ka dace, akwatin nan zai iya fin komai daraja. Amma bari mu fara da na hukuma da na kamfani.

A Kaduna, ma'ajiyar takardu ta ƙasa tana da jerin SNP na sakatariyar lardunan Arewa da jerin larduna irin su KANOPROF, inda za ka sami rahoton shekara, rahoton kimanta haraji da takardun filayen kantuna. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ma yana nan kusa. A ma'ajiyar takardu ta ƙasar Birtaniya da ke Kew, bakin Landan, jerin CO 446 na wasiƙun Nijeriya ta Arewa ne, CO 583 na Nijeriya bayan haɗewa, BT 31 kuma na kamfanonin da aka rusa, da sunayen masu hannun jari. Littattafan ƙididdiga na shekara-shekara na gwamnatin mallaka suna ɗauke da farashin kasuwa da ladan lebura. Takardun kamfanin UAC (United Africa Company), wanda aka kafa a 1929 da haɗewar Kamfanin Neja da African and Eastern Trade Corporation, suna ma'ajiyar Unilever a Port Sunlight kusa da Liverpool. Ma'ajiyar kamfani ba ta gwamnati ba ce: sai ka rubuta ka nemi izini da rana, kuma takardun ma'aikata na baya-bayan nan a rufe suke.

Game da karatu, littattafan ɗan kasuwa hawa-hawa ne. Akwai na yau da kullum, inda ake rubuta ciniki yadda ya faru. Daga nan ake kwashewa zuwa leja, inda kowane abokin ciniki ke da shafinsa: hagu kayan da ya ɗauka, dama abin da ya biya. 'Yar lambar da ke gefen layi tana nuna shafin da aka ɗauko shi a ɗaya littafin. Ka bi ta, domin leja takan ce "kaya" kawai, na yau da kullum ne zai gaya maka turmi nawa ne, wane iri. Ka zaɓi mutum 30 ko 40 ka bi shafinsu wata-wata. Abin da kake nema shi ne watan da bashi ke kumbura da watan da ake saukewa, da waɗanda aka ja wa layi aka yafe don ba za su iya biya ba.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne kuɗi. Kafin naira ta zo a Janairu 1973, fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12. In ka ga fam 3, sule 7 da sisi, ka buga 3.76 a kwamfuta, ka ɓata lissafin gaba ɗaya, domin ainihinsa 3.375 ne. Ka yi gida uku, na fam, na sule, na kwabo, sannan gida na huɗu ya mayar da duka kwabo: fam sau 240, sule sau 12. Misalin nan zai ba ka 810. Na biyu shi ne ma'auni. Mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne, kuma in tsada ta zo mai awo yakan rage tozo ya bar farashi yadda yake. In takarda ba ta faɗi nauyi ba, kada ka ƙirƙira mata kilo.

A ɗakin karatu fensir kawai ake shiga da shi. Kafin ka ɗauki hoton ko shafi ɗaya, ɗauki hoton bangon fayil da lambarsa, in ba haka ba za ka koma gida da hoto 3,000 ba ka san na wane fayil ba ne. Kowane dare ka kwafe su wuri biyu.

Akwatin gidan kuwa, kada ka fitar da shi daga gidan, kada ka sake jera takardun yadda ya yi maka daɗi, domin jerin da ka tarar shi ma shaida ne. Kada a liƙa salatif, kada a rufe da roba mai zafi. A ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da laima. Ku rubuta yarjejeniya da magada kan abin da za ka buga da sunayen masu bashi da za ka ɓoye, domin jikokinsu suna raye. In akwai ajami, nemi dattijon da ya san sunayen kayan da. Laburaren Birtaniya yana da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, yana ba da tallafin ɗaukar hoto, asalin takardun kuma ya zauna a ƙasarsa.

Ka riƙa tuna cewa wanda ya yi arziki shi ya bar akwati. Mai tebur da ya karye bai bar komai ba, sai dai ka neme shi a takardun kotun alƙali da bakin dattawa.

Tambaya: Kullum ina jin alƙaluma daban-daban kan talaucin yara. Wanne ne daidai, kuma wanne zan yi amfani da shi? (Ma'aikaciyar ƙididdiga, Sakkwato)

Amsa: Hajiya, ba abu ɗaya suke aunawa ba, shi ya sa. Akwai ma'aunin kwandon buƙata irin na Rowntree. Da irinsa ƙidayar gidaje ta 2018 zuwa 2019 ta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ja layi a naira 137,430 ga mutum a shekara, ta sami kashi 40.1 a ƙarƙashinsa, ban da Borno. Akwai ma'aunin kwatance, wanda Birtaniya ke amfani da shi: a jera gidaje daga mai ƙarancin samu zuwa mai yawa, a ɗauki na tsakiyar layi, duk gidan da bai kai kashi 60 na samunsa ba yana cikin talauci. Sai ma'aunin fuskoki da yawa, wanda ba kuɗi yake dubawa ba sai makaranta, abinci, ruwa, makewayi da makamashin girki. Da shi rahoton hukumar na 2022 ya sami mutum miliyan 133 cikin talauci, kashi 63, yara kuma kashi 67.5. Ba a ɗora adadin wannan a kan wancan a ce talauci ya ƙaru.

Inda aikin yake da sarƙaƙiya shi ne nauyin da ake ba yaro. A ma'aunin da aka gyara na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, babba na farko 1 ne, duk wani mai shekara 14 zuwa sama 0.5, yaro ƙasa da 14 kuma 0.3. Ɗauki gida mai miji, mata da yara huɗu ƙanana, samunsu naira 270,000 a wata. Nauyinsu 2.7, in kika raba samun da shi, 100,000 ke nan. In kika raba da kai shida, 45,000 ne. Gida ɗaya, amsa biyu. Ma'aunin Turai yana sauƙaƙa nauyin yaro ne domin haya da wuta, waɗanda ake tarayya a kansu, su ne manyan kuɗi a can. Inda abinci ya cinye fiye da rabin samu, 0.3 ya yi wa yaro kaɗan. Ki lissafa da duka biyun ki nuna wa mai karatu.

Abubuwa uku kuma sukan karkatar da sakamako a ƙasar Hausa. Ma'anar gida: masu cin tukunya ɗaya ake nufi, ba masu shiga ƙofa ɗaya ba. Lokacin ƙidaya: amsar Agusta ba ta Disamba ba ce. Sai yaran da ba sa kwana a gidan iyaye, kamar almajirai, waɗanda ƙidayar gidaje takan tsallake. Dukkan ma'aunan kuɗi kuma suna ɗauka cewa ana raba samu daidai a cikin gida. Eleanor Rathbone, 'yar majalisar dokokin Birtaniya, ba ta yarda da haka ba, shi ya sa ta dage har dokar alawus ɗin iyali ta 1945, ta sule 5 a mako ga kowane yaro bayan na fari, ta sa kuɗin a hannun uwa.

Tambaya: Bayan digirin, akwai aiki kuwa? (Wani mai karatu, Maraɗi)

Amsa: Akwai, amma ƙofar ƙarama ce. A Birtaniya yawanci sai an yi shekara biyu zuwa biyar ana aikin kwantiragi kafin a sami kujera ta dindindin, kuma makarantun kasuwanci sun fi sassan tarihi ɗauka, da sharaɗin za ka koyar da darussan da ba naka ba. Maƙala ce kuɗin wannan kasuwa. Ka fitar da biyu daga kundinka, kowace kalma 8,000 zuwa 10,000, ka aika mujallu irin su Business History, Economic History Review ko African Economic History. Masu tantancewa biyu ko uku za su karanta ba tare da sanin sunanka ba. In an ce ka gyara ka dawo, wannan albishir ne: ka amsa kowace magana ɗaya bayan ɗaya a takarda daban. Daga aikawa zuwa bugawa shekara ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako biyu in ka biya, ka guje ta, tana rage darajar sauran aikinka.

Tambaya: Ina so in yi bincike a kan 'yan talla. Shin wannan tarihin ciniki ne ko talaucin yara? Kuma yaya zan yi hira da yara? (Wata malama, Kano)

Amsa: Malama, duka biyun ne, kuma a ganinmu babu batun da ya fi shi haɗa fannin nan a ƙasar Hausa. Polly Hill, mai bincike 'yar Birtaniya wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, wanda mai ƙirga kasuwa ba ya gani. Wata mai binciken kuma, Enid Schildkrout, ta bi yaran Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa su ne ƙafar wannan ciniki, su sayo kayan haɗi, su fita da ƙosai da tuwo, su dawo da kuɗi, kuma wani kaso na ribar yana tafiya ga kayan ɗakin yarinya. Aikinki shi ne ki nuna me ya canza tun lokacin.

Ki auna faranti, kada ki tsaya ga ra'ayi. Gida 30 zuwa 40, kwana bakwai a jere, sau biyu: da damina da kuma bayan kaka. Kowace rana ki rubuta jarin da uwa ta zuba, ko nata ne ko bashin mai shago, ƙulli nawa aka fita da shi, nawa ya yi kwantai, ƙarfe nawa yarinya ta fita da na dawowa, darasi nawa ta rasa a boko da islamiyya, da inda ribar ta tafi: cefane, asusu ko adashi. Ranar Juma'a da ranar kasuwa ki ware su daban, suna kumbura lissafi.

Kafin komai ki sami amincewar kwamitin ɗa'a na jami'arki, ki gaida mai unguwa, ki nemi izinin maigida da uwa, sannan ki tambayi yarinyar ita kanta, in ta ce a'a an gama. Kada ki tsare ta lokacin ciniki, domin kwantan da kika jawo ita za a yi wa faɗa. Ki yi hirar a tsakar gida inda uwa ke hangen ku amma ba ta jin kowace kalma. Ba hoton fuska, ba sunan gaskiya, ba sunan lungu. Takardar da ke haɗa lamba da suna ki kulle ta daban da amsoshin. Kuma tun kafin ki fita ki san ofishin jin daɗin jama'a ko asibitin da za ki tura yarinya in ta gaya miki wani yana cutar da ita a hanya, ki kuma sanar da iyaye tun ranar farko cewa irin wannan magana ba za ki riƙe ta a sirri ba.